Sanda Ba Ta Koya Wa Kare Aiki

Yau zan ajiye maganar taki da iri, in ɗauko ta wani ma'aikaci da ke gidan manomi wanda ba a cika sa shi cikin lissafi ba, watau kare. Na san waɗansu za su ce, "Haba malam, duk abin da ya dami manomi ka rasa abin magana sai kare?" To, ku yi haƙuri ku ji, sa'an nan ku yanke hukunci.

Wanda ya san ƙasarmu tun daga Kwanar Dangora, ya bi ta Tudun Wada har ya dangana da Doguwa da duwatsun Riruwai, ya san aikin da kare ke yi mana. Gonar da ke bakin daji, in masara ta fara goyo, birai ba su barinta. Yaro ɗaya ba ya iya tsare ta, amma yaro da karnuka biyu sun isa. Masu lambu a bakin ruwan Tiga, wanda aka gama datsewa a 1974, su kan bar kare a bukka ya tsare injin ban-ruwa. Makiyayi a ruga ba ya barci mai nauyi sai don ya san kare na waje. Ba mu manta da yadda satar shanu ta addabi mutanen kewayen dajin Falgore a wajen 2015 ba. Kare ba ya tare mai bindiga, gaskiya ne, amma haushinsa ya kan ba mutum zarafin tashi ya ta da maƙwabta. Ga kuma mafarauta, waɗanda da an gama girbi su ke fita da karnukansu. Malamanmu sun faɗa mana an halatta ajiye kare domin farauta da tsaron gona da tsaron dabbobi. Suratul Ma'ida, aya ta 4, ta yi maganar dabbobin farauta waɗanda aka koya wa aiki. Malaman fiƙihu kuwa sun bayyana kare mai horo da cewa shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ashe ke nan horon kare ba baƙon abu ba ne a gare mu. Abin tambaya shi ne, ta wace hanya za a hore shi?

Hanyar da yawancinmu muka tashi muka tarar ita ce ta sanda da jifa. Kare ya ci ƙwai, duka. Ya shiga ɗaki, duka. An kira shi bai zo ba, in an kama shi, duka. Waɗansu ma su kan ɗaure shi a rana da yunwa, wai don ya yi zafi. Ra'ayina, wanda zan kafa muku hujjarsa, shi ne wannan hanya hasara ce ga mai karen. Akwai wadda ta fi ta sauƙi, ta fi ta araha, kuma ta fi ta kyawun sakamako, watau hanyar lada: ka saka wa kare da alheri a daidai lokacin da ya yi abin da ka ke so.

ABIN DA YA SAME NI

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina ganin laifin wasu ne kawai. Shekarun baya ina da wani baƙin kare, yara suna kiransa Duna. Wata rana na dawo daga gona da la'asar, uwargida ta tare ni da labari wai tun da hantsi Duna ya kashe 'yan tsaki uku. Raina ya ɓaci. Na kira shi, ya taho yana kaɗa wutsiya, na kama shi na ba shi kashi. Na ce a raina, yau na yi maganinsa. Bayan kwana huɗu ya kashe wani ɗan tsako. Na sake kiransa, sai ya tsaya daga nesa yana kallona. Daga ranar bai ƙara amsa kirana ba. In na shigo ta zaure, shi ya fita ta kafar darni. Kafin watan ya ƙare ya koma kwana a bayan gari, kuma a cikin waɗannan kwanaki aka shiga gidan da dare aka kwance mini akuya mai ciki. Babu wanda ya ji ko motsi.

Na daɗe ina cewa karen ne ba shi da amana. Sai daga baya na gane laifina ne. Ku duba abin ta wajen karen. Ya kashe 'yan tsaki da hantsi, ba abin da ya same shi. Da la'asar maigida ya kira, ya zo, ya sha duka. To, me ya koya? Ya koyi cewa zuwa wurin maigida shi ne abin da ke jawo duka. Kare ba ya iya haɗa abin da ya aikata da safe da abin da ya same shi da yamma. Abin da ya biyo bayan aikinsa nan take, shi kaɗai ya ke ganewa. Na yi niyyar koya masa barin kaji, sai na koya masa gudun ubangidansa. Da na sani ƙeya ce.

INDA WANNAN ILMI YA FITO

Masana sun daɗe suna binciken yadda dabba ke koyo. Wani likita a Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904, ya lura cewa in ana yin wani sauti kullum kafin a ba kare abinci, a kwana a tashi sautin kaɗai zai sa yawunsa ya tsinke. A Amurka kuma, a 1898, Edward Thorndike ya riƙa sa kyanwa cikin akwati mai sakata, ya ajiye abinci a waje. Ya ga cewa duk motsin da ya buɗe mata ƙofa ta kai ga abincin, shi ta ke maimaitawa, sauran kuwa ta watsar. Daga nan aka fitar da ƙa'ida guda: aikin da daɗi ya biyo bayansa, dabba za ta ƙara yinsa.

Wani malamin jami'a, B. F. Skinner, ya ɗora a kan wannan. A 1951 ya rubuta wa jama'a bayanin yadda a ke koya wa dabba aiki, ya ba da shawara a yi amfani da wani ɗan abin wasan yara na ƙarfe, wanda in an danna shi ya ke yin ƙara ƙyas. Almajiransa biyu, Keller Breland da matarsa Marian, suka mai da abin sana'a. Daga 1947 suka riƙa koya wa kaji wasanni domin tallan wani kamfanin abincin dabbobi, ana nuna wa manoma. Su da waɗanda suka yi aiki tare da su sun hori dabbobi da tsuntsaye fiye da iri 140. Ku lura, kaji na ce. In kaza, wadda mu ke yi wa kallon marar wayo, ta koyi aiki ba tare da duka ba, ina ga kare?

Wata mata kuma, Karen Pryor, ta yi aiki a tsibirin Hawai cikin shekarun 1960 tana horon dolfin, wata dabbar teku mai kama da ƙaton kifi. Ita wannan dabba ba ta ɗauruwa da igiya, ba ta kuma dukuwa, don in ka ɓata mata rai sai ta nutse ta bar ka a tsaye. Usur da bokitin kifi su ne kayan aikin. Matar ta rubuta littafi a kan wannan hanya a 1984, kuma daga 1992 ita da wani mai horon karnuka, Gary Wilkes, suka shiga koya wa masu karnuka. Ta rasu a watan Janairu na 2025, amma hanyar ta riga ta bazu a duniya. Ɗan abin da a ke dannawa ɗin nan Turawa suna kiransa kilika.

Kada wani ya ce wannan abin Turai ne, bai zo Afirka ba. A garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya, a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine, akwai wata ƙungiya mai suna APOPO, wadda aka kafa a 1997. Me su ke horarwa? Gafiya! I, 'yar'uwar gafiyar nan da ke yi mana ɓarna a rumbu. Da ƙyas ɗin nan da ɗan ayaba da gyaɗa su ke koya mata ta shinshino nakiyar da aka binne a ƙasa lokacin yaƙi. Ba ta da nauyin da zai ta da nakiya, saboda haka ta ke yin aikin lafiya. Sun yi aiki a Mozambik, wadda aka ba da sanarwar ta rabu da nakiyoyin da aka sani a 2015. Wata gafiya mai suna Magawa ta gano nakiyoyi da bama-bamai fiye da 100 a ƙasar Kambodiya, har aka ba ta lambar zinariya a 2020. Waɗansu kuma an koya musu gano tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya. Ku gaya mini, wa zai iya koya wa gafiya wannan aiki da sanda?

ME YA SA A KE YIN SAUTIN?

Ga dalili. Mun ce kare ba ya gane lada sai ta biyo bayan aikin nan take. To, a ce karenka yana can nesa da kai kamar taki ashirin, ya ga kaza ya kau da kai. Wannan shi ne abin da ka ke so. Amma kafin ka sa hannu a aljihu, ka je wurinsa, ya riga ya zauna, ya sosa kunne, ya yi hamma. In ka ba shi abin daɗi a lokacin, bai san ko na susa ba ne ko na hamma. Sautin shi ke toshe wannan giɓi. Da ya kau da kai ka yi ƙyas, ka gaya masa ke nan, "Wannan abin da ka yi yanzu shi ne, ladarka tana tafe." Kamar takardar da akawu ke ba mai kaya a wurin awo ne. Takardar ba kuɗi ba ce, amma wanda ya riƙe ta ya san kuɗinsa na nan.

Ba sai ka sayi kilika ba. A 2016 waɗansu masu bincike a Italiya sun gwada karnuka, waɗansu da kilika, waɗansu da kalmar baki, waɗansu da abinci kawai, ba su sami wani bambanci a koyonsu ba. Saboda haka kada wani ɗan kasuwa ya ruɗe ku wai akwai asiri cikin ƙarfen. Asirin yana cikin dacewa da lokaci. Ƙyasta yatsa ya isa, ko gajeren fito, ko murfin kwalba irin wanda ke yin ƙara in an danna tsakiyarsa. Sharaɗin dai sautin ya zama gajere, iri ɗaya kullum, kuma wanda ba a yinsa a gidan sai domin karen.

YADDA ZA KA FARA

Da fari ka tanadi lada. Ƙuli-ƙuli marar yaji, ko ɗan busasshen kifi, ko awara, ko guntun nama. Ka gutsuttsura ƙanana kamar ƙwayar masara, don ba ƙosar da shi za ka yi ba. Kada ka ba shi abin da ke da albasa, tana cutar da jinin kare, haka kuma dafaffen ƙashin kaza, ya kan tsage ya soke shi. Ka zaɓi lokacin da ya ke jin 'yar yunwa, kamar gab da ba shi abincin yamma, a wuri marar hayaniya.

Na ɗaya, ka haɗa sautin da lada. Ka yi ƙyas, ka ba shi ƙwaya ɗaya. Ka dakata kaɗan, ka sake. Ka yi haka kamar sau ashirin, yau da gobe. Ranar da ka yi sautin ya waiwayo da sauri yana duban hannunka, ya gane. Daga nan akwai alkawari tsakaninku: duk lokacin da ka yi sautin, lalle ne lada ta biyo baya, ko da kuskure ka yi. In ka riƙa saɓa alkawari, sautin zai zama banza.

Na biyu, kira. Wannan shi ne uban dukan darussa, don karen da ba ya amsa kira ba shi da amfani a gona ko a daji. Ka tsaya kusa da shi, ka kira sunansa sau ɗaya. Da ya juyo ya nufo ka, yi ƙyas, ba shi lada. Kullum ka ƙara nisa kaɗan. In ya iya a tsakar gida, ku fita ƙofar gida, sa'an nan gona, sa'an nan inda awaki ke kiwo. Doka guda wadda ba a karyawa: kada ka taɓa kiran kare don ka hukunta shi. Ko ya daɗe bai zo ba, in ya zo, ka karɓe shi da alheri. Wannan darasi akuya guda na biya kafin na koye shi, ku kuwa ga shi na ba ku kyauta.

Na uku, zama. Ka riƙe lada a saitin hancinsa, ka ɗaga ta sannu zuwa bayan kansa. Zai ɗaga kai ya bi ta, gindinsa ya sauka ƙasa da kansa. Da ya taɓa ƙasa, ƙyas, lada. Kada ka danna bayansa da hannu. In ya saba, sai ka fara cewa "zauna" kafin ka motsa hannu. Kalmar tana zuwa ne bayan ya iya aikin, don ba ya jin Hausa, sai abin da ka haɗa masa da ita.

Na huɗu, barin kaji da awaki. Ka sa masa igiya, ku tsaya nesa da kaji, inda zai gan su amma hankalinsa bai tashi ba. Ya dube su, ya waiwayo ya dube ka, ƙyas, lada. Gobe ku matsa taki biyu. In ya zabura, kada ka doke shi, kun matsa da yawa ne, ku koma baya. Kafin ya ƙware, kada a bar shi sake tare da 'yan tsaki ba mai kallo, don duk ranar da ya kama ɗaya ya biya kansa lada da kansa, aikinka ya koma baya. A kifa wa 'yan tsaki akurki ko a ɗaure karen a inuwa da ruwan sha.

Na biyar, haushi. Muna son kare ya yi haushi in baƙo ya zo, amma muna son ya yi shiru in mun ce ya isa. In ya yi haushi ka fito ka ga ko wane ne, sai ka kira shi. Da ya rufe baki ya juyo, ƙyas, lada. Da haka zai gane aikinsa shi ne ya sanar, hukunci kuwa na maigida ne. Mafarauci ma haka zai koya wa karensa sakin abin da ya kama: ya miƙa masa abin da ya fi daɗi, da ya buɗe baki ya saki, ƙyas, ya ba shi. Karen da ya san in ya saki zai samu, ba ya gudu da zomo cikin ƙaya. Ina kuma tuna wa 'yan'uwa mafarauta cewa dajin Falgore gandun gwamnati ne, doka ta hana farauta a cikinsa.

Kowane zama kada ya wuce minti biyar, sau biyu ko uku a rana. Ku tashi tun yana marmari. In aikin ya zauna masa sosai, sai ka daina sautin a wannan aikin, ka riƙa ba da lada jefi-jefi, wani lokaci abinci, wani lokaci shafa kai da yabo, wani lokaci sakinsa ya yi gudu. Mutanen gida duka su bi ƙa'ida ɗaya. In kai kana lada, yara suna jifa, aikin banza a ke yi.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Masana sun nuna cewa daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na rayuwar ɗan kwikwiyo, abin da ya saba da shi a lokacin shi zai ɗauka nasa ne har tsufa. In kana son kare mai tsaron awaki, ka sa shi ya tashi a cikinsu tun yana ƙarami. A ƙasar Namibiya tun 1994 a ke ba makiyaya 'yan kwikwiyo su tashi tare da garke, in sun girma su tsare shi daga namun daji. Amma babban kare ma yana koyo, sai dai a ƙara haƙuri.

MASU JAYAYYA

Na yi wannan magana a majalisa, na kuwa sha suka. Wani dattijo ya ce, "Ni ban ƙoshi ba, zan ɗauki ƙuli-ƙuli in ba kare?" Na ce, Baba, ai dama kana ba shi ragowar tuwo. Ka rage kaɗan daga abin da za ka zuba masa, ka ba shi da hannunka lokacin darasi. Ba a ƙara ko kwabo ba, an dai canja lokacin bayarwa. Ka kuma auna kuɗin ƙuli-ƙulin wata guda da kuɗin akuya ɗaya.

Wani ya ce wannan ai cin hanci ne. Na ce a'a. Hanci shi ne abin da a ke bayarwa kafin aiki don a karkatar da gaskiya. Wannan kuwa ladar aiki ce, bayan an yi shi. Wanda ka ɗauka ƙodago ya yi maka noma, in ka biya shi da yamma, hanci ka ba shi?

Wani kuma ya ce karen da ba a duka ba ya zafi, ɓarawo zai shafa kansa ya wuce. Wannan ita ce jayayyar da ta fi ƙarfi, saboda haka bari in tsaya a kanta. Tsaron gida halin kare ne, ba duka ke sa masa shi ba. Abin da duka ke sa masa shi ne tsoro, kare mai tsoro kuwa ba ya bambanta ɓarawo da almajiri ko 'yar talla. Hannu kawai ya ke gani ya ɗago, sai ya kai cizo. A 2009 likitocin dabbobi na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka sun tambayi mutum 140 waɗanda suka kawo karnukansu saboda matsalar hali. Cikin karnukan da aka doka ko aka shura, kashi 43 cikin 100 sun mai da martani da faɗa. A 2004 a Ingila an tambayi masu karnuka 364, aka ga waɗanda a ke hora da lada sun fi biyayya, waɗanda a ke yawan hukuntawa kuwa sun fi munanan halaye. A 2020 a ƙasar Fotugal aka duba karnuka 92 a makarantun horo 7, aka tarar waɗanda a ke hora da tsanani sun fi nuna alamun firgita, har a cikin yawunsu an ga sinadarin tashin hankali ya ƙaru. To, wa zai biya kuɗin asibiti in karenka ya ciji ɗan maƙwabci? Kai ne. Zumuncin da ya ɓaci kuwa ba ya sayuwa.

Mai cewa kakanninmu da duka suka yi, ya je ya zauna da tsohon mafarauci na ƙwarai. Zai ga yana yi wa karensa kirari, yana ba shi rabonsa daga abin da aka kamo tun a daji, yana cire masa ƙaya da kaska da hannunsa. Wannan ai ita ce hanyar lada, sunan ne kawai ba su sa mata ba. Haka mai shanun huɗa wanda ya san aikinsa. San da aka hora da lallashi da ɗan dusa da gishiri ya kan miƙa wuya a ɗora masa karkiya, wanda aka hora da bulala kuwa sai an yi kokawa kowace safiya, kunya ta karkace, rana ta yi.

Ban ce hanyar nan tana maganin kome ba. Karen da ya riga ya saba da kashe awakin mutane, ko ya sha cizon yara, ba a sake shi a gari da sunan ana horonsa. A tsare shi, a nemi shawarar likitan dabbobi. Ban kuma ce a bar kare ya yi abin da ya ga dama ba. Ana hana shi, da igiya, da shinge, da tsawa a daidai lokacin da ya ke cikin laifin. Abin da na ƙi shi ne duka bayan abu ya wuce, da azabtarwa da yunwa.

MAGANAR HAUKAN KARE

Akwai wani dalili wanda ya fi duk waɗannan nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kamar kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma akwai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin allurar, kuma masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri, ciwon zai daina yawo a wurin. Ana fara yi wa kare yana da wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara.

To, ga inda maganar ta haɗu da tamu. Ranar da ma'aikatan dabbobi suka zo gari da allura, wane kare a ke samu a yi wa? Wanda ke amsa kira, ya yarda a riƙe shi. Wanda ya saba da sanda kuwa, da ya ga an nufo shi da igiya sai daji. Shi ne zai gamu da mahaukacin kare a bayan gari, ya kawo ciwon cikin gida. Saboda haka ka koya wa karenka ya yarda a taɓa wuyansa da kunnensa da ƙafarsa, taɓawa kaɗan, ƙyas, lada, tun kafin ranar ta zo. In kuwa kare ya ciji mutum, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Yanzu rani ya shigo, aikin gona ya yi sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ke son kare ya tsare masa masara a damina mai zuwa, yanzu ne lokacin koya masa. Ina roƙon kowane mai kare ya jingine sandarsa mako biyu kawai, ya sa ƙuli-ƙuli a aljihu, ya gwada darasin kira safe da yamma. In bai ga canji ba, sandarsa tana nan inda ya ajiye ta. In kuwa ya gani, ya koya wa maƙwabcinsa, ya kuma rubuto mana mu ji. Malaman gona da ma'aikatan dabbobi na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ku ma ku sa wannan cikin abin da ku ke faɗa wa jama'a in kun fita rangadi. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko a kan dabba aka yi shi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mana dukiyarmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.